Layin Roda a Filin Lokuwa

Roda ungozoma ce a Lokuwa. Daga duwatsun Michika suka sauko Mubi, ita da mijinta Andrawus, tun ɗansu na fari Tizhe yana goye. Andrawus yana noman dawa da gyaɗa can hanyar Betso, ita kuwa duk gidan da naƙuda ta kama mace, ita ake aikawa a kira. Ba ta zaɓen gida. Ta shiga gidan Barebari, ta shiga na Fulani, ta shiga na Gude da na 'yan uwanta Kamwe. Ko'ina ta shiga, kafin ta ajiye mayafi tambaya ɗaya take yi: akwai ruwa?

Ruwan nan shi ne ciwonta. Da rani babu rijiyar kirki a Lokuwa. Sai mata su tafi mayo, kogin da ya ratsa gari, su tona yashi da hannu, su zauna jiran ruwa ya tsatso, su riƙa kwasa da ƙoƙo. Da shi ake wanke jariri, da shi mai jego take wanka. Roda ta sha karɓar jariri mai ƙiba mai kuka da ƙarfi, kafin ranar suna ta ji an kai shi. Ta daina ƙirga su, amma ba ta manta ko ɗaya ba.

A ƙuri'ar farko, ta hamsin da tara, maza kaɗai aka kira. Mata a bakin murhu suka ji labari. Da ta biyu ta zo, farkon sittin da ɗaya, aka ce mutanen Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce har da mata. Tambayar ita ce, ƙasar nan Nijeriya za ta bi ko Kamaru. Aka rubuta sunayen mata, aka ba kowace kati. Yawancinsu ba su taɓa ganin sunansu a takarda ba.

Roda ce ta koya musu. Ta jera ƙwarya biyu a tsakar gidanta, ta ba su ganyen mangwaro, kowace ta shiga ita kaɗai ta jefa. Ita Nijeriya take so, don wani mutum a mota mai lasifika ya ce in an bi Nijeriya za a haƙa rijiyoyi a kowace unguwa. Ƙawarta Yakaka, mai sayar da busasshen kifi, matar Babakura ɗan kasuwa, ita ta bi gidajen Barebari ta fito da matan da ba su saba fita ba. A ranar ƙuri'ar babu namijin da ya ce mace ta zauna gida, kowa yana so akwatinsa ya cika. Har mota aka aiko wa tsofaffi.

Nijeriya ta ci. Aka yi kiɗa kwana biyu. Mata suka adana katinsu kamar zinariya, wata a cikin kumbo, wata a ƙasan adaka. Roda ta sa nata a gwangwanin da take ajiye reza da zaren cibiya.

Damina ta zo ta wuce. Da rani ya sake shiga, labari ya zo cewa rijiya ɗaya ce aka ba wannan ɓangaren gari, ba ta kowace unguwa ba, kuma majalisar gari ce za ta ce ga inda za a haƙa ta. Kowace unguwa za ta zaɓi mutum ɗaya ya je ya zauna a majalisar. A Lokuwa, Ɗahiru dillalin shanu ya fito. Bai ɓoye ba, ya ce a kara ya kamata a haƙa rijiyar, inda ake tara shanu, don da kasuwar shanu garin yake ci.

Yakaka ce ta fara kawo maganar, suna zaune bakin ramin yashi, tuluna takwas a gabansu.

"Maman Tizhe, ke za ki je majalisar nan."

"Ni? Da wane bokon?"

"Shi Ɗahiru da wane bokon? Haƙoran saniya kawai ya iya karantawa."

Matan suka yi dariya, har wata ta zubar da ƙoƙonta. Wata ta ce ai ko jaki Roda ta tsayar za su bi, balle ita da kanta. Amma Inna Amna, tsohuwar da ke sayar da daddawa, ba ta yi dariya ba.

"Ni dai ba na bin ki," in ji ta. "Kin ga tsiraicin kowace mace a unguwar nan. Yanzu kuma ki je ki zauna cikin mazajensu da abin da kika sani?"

"Inna, shekara ashirin. Kin taɓa jin na 'yarki a bakin wani?"

Amna ta sa tulunta a ka ta tafi.

Roda ta kwana uku tana juya abin. A rana ta huɗu aka aiko mata cewa jaririn da ta karɓa ranar Lahadi ya koma. Ta je ta yi gaisuwa, daga nan ba ta biya gida ba, ta wuce zauren Malam Khamis, malamin zaɓe. Ta tarar da Ɗahiru a can suna cin goro.

Malam Khamis ya juya takardunsa gaba da baya. Ya ce takarda ta ce mutumin unguwa mai hankali wanda ya shekara uku a cikinta. Ba ta ce mace ba, ba ta kuma ce ban da mace ba. Ya ce shi bai taɓa ganin haka ba, bai san abin da zai yi ba.

"Rubuta ta, Malam," in ji Ɗahiru, yana murmushi. "Maman Tizhe ce ta karɓi 'ya'yana huɗu. In tana son shan rana, ni ba zan hana ta ba."

Aka rubuta ta. Malam Khamis ya gaya mata yadda za a yi. Ba akwati wannan karon. 'Yan takara za su tsaya a fili su fuskanci tsamiya, su juya wa jama'a baya. Mai son ka ya zo ya tsaya bayanka a layi. Ba a juyawa sai an gama ƙirga, don kada a tsorata wani da ido. Roda ta ce ta ji. Ba ta tambayi komai ba bayan wannan, shi ma bai ƙara komai ba.

Cikin kwanakin nan maza suka riƙa zuwa bakin dangarta, ɗaya bayan ɗaya, kowa yana waige. Wannan ya ce in ta je majalisa ta yi maganar gadar mayo. Wancan ya ce ta yi maganar awon gyaɗa. Duk sun yarda ta fi Ɗahiru sanin unguwa. Babakura mijin Yakaka ma ya zo, ya tsaya yana jan gemu.

"Wallahi kin fi shi, Maman Tizhe. Da a akwati ne, da ke zan ba."

"Layi ne, maigidan Yakaka."

"To, ai shi ne."

Ta gane abin da yake nufi. A ƙasar nan in za a tafi gona, namiji ne a gaba da gatari, mace a baya da kaya. In za a tafi kasuwa haka, in za a tafi biki haka, a dutse haka, a gari haka. Musulmi da Kirista ba su saɓa a kan wannan ba. Namiji ya tsaya da rana tsaka yana kallon ƙeyar mace, gaban jama'a, Babakura ya ce har ya mutu ba za a bar shi ya zauna lafiya a rumfarsa ba.

Roda ba ta damu ba. Ta ce da Yakaka mazan su riƙe layinsu. Mata sun fi maza yawa a Lokuwa, ita ta sani, a hannunta suke faɗowa. Yakaka ta sake bin gidaje kamar yadda ta yi bara, tana ce wa kowace ta nemo katinta ta ƙulle a bakin zani.

Ana gobe zaɓe, da hantsi, Andrawus yana zaune gindin rumbu yana saƙa zana. Roda ta zo ta tsaya a kansa.

"Baban Tizhe, gobe ina za ka tsaya?"

Ya ci gaba da saƙa. Can ya ce, "Kin tambayi Malam Khamis da kyau?"

"Ya rubuta ni."

"Ba wannan ba."

"To wanne?"

Ya buɗe baki, ya dube ta, ya ga yadda fuskarta take, irin wadda bai gani ba tun suna dutse. Sai ya mayar da kansa kan zana. "Zan zo," in ji shi.

"Na san za ka zo. Ina za ka tsaya na tambaye ka."

Ya ci gaba da saƙarsa. Ita kuma aka yi sallama daga waje, ta fita.

Ranar zaɓe Roda ta ɗaura zaninta na zuwa coci. Ta je fili ta tsaya ta fuskanci tsamiya, Ɗahiru yana hannun damanta, kamar taku goma tsakaninsu. Ba ta juya ba, amma tana ji. Ta ji ƙarar awarwaro, ta ji kukan goyo, ta ji ƙamshin turaren matan Barebari da warin man shanu. Ana ta zuwa, ana ta zuwa. Wata ta fara waƙar daka da yaren Gude, wasu suka amsa da Fulatanci. Yakaka ce a bayanta dab, tana mata raɗa.

"Sun wuce gidan maƙera. Sun kai bakin hanya. Har da Inna Amna, wallahi, ga ta can da sandarta."

Roda ta kafa wa tsamiya ido. Ta ga rijiyar a idonta, da bakinta na siminti, a nan kusa da tsamiyar.

Malam Khamis ya iso a keke, 'yan doka biyu suna biye da shi a ƙasa. Ya jingina keken. Ya bi layin matan da kallo.

"Waɗannan fa?" in ji shi.

"Masu zaɓe," in ji Yakaka. Ta kwance bakin zaninta ta ɗaga kati. Roda ta ji motsin zannuwa har ƙarshen layi, kowace tana kwance nata.

Malam Khamis ya karɓi katin, ya duba, ya mayar mata da hannu biyu. "Yaya, wannan na ƙuri'ar bara ne, ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Aikinsa ya ƙare ranar da aka buɗe akwati. Yanzu a Jihar Arewa muke. A nan mata ba sa zaɓe."

"Mu muka kawo ku Jihar Arewar. Da wannan katin."

"Na sani. Ba ni na yi dokar ba."

Roda ta yi magana tana fuskantar tsamiya. "Malam, me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Ba ki tambaye ni ba, Mama. Na ɗauka kin sani. Ai kowa ya sani."

Sai ta tuna Andrawus da zanarsa. Ta tuna murmushin Ɗahiru a zaure. Ta tuna ƙwarya biyu da ganyen mangwaro, da yadda ta riƙa kama hannun tsofaffi tana nuna musu wadda za su jefa. Da hannunta ta koya musu.

'Yan doka ba su doki kowa ba. Bin layin kawai suka yi suna nuna gefen fili da kulki. Waƙa ta tsaya. Roda ta ji awarwaron yana nisa. Yakaka ta yi ta faɗa da Barbarci har muryarta ta dishe, sannan ita ma aka janye ta. Abu na ƙarshe da Roda ta ji shi ne ƙarar sanda a ƙasa, a hankali, har ta zo kusa da kunnenta.

"Kada ki juya," in ji Inna Amna. "Tsaya yadda kike."

Sandar ta wuce. Iska ta bugi bayan Roda, gumin da ke jikinta ya yi sanyi.

Malam Khamis ya matso ya rage murya. "Mama, ki janye. Sai in rubuta ba hamayya, ki tafi gida da mutuncinki."

"Ka ƙirga," in ji ta.

Ba taurin kai ne kawai ba. Ta gefen ido tana ganin layin Ɗahiru, bai wuce mutum sittin ba, 'yan kara ne da masu rumfuna. Can a inuwar katanga kuwa akwai maza tsaitsaye, sun fi haka yawa, manoma da masu ɗaukar kaya, waɗanda matansu ke kwana a layin mayo, waɗanda suka riƙa zuwa bakin dangarta. Ba su shiga layin Ɗahiru ba, ba su kuma tafi ba. Kowa yana jiran ya ga wanda zai fara. In mutum ɗaya ya tsaya, na biyu zai samu inda zai ɓuya.

Sai ta ji tafiyarsa. Ko cikin mutum dubu ta san ta. Andrawus yana jan ƙafar hagu tun shekarar da kurkunu ya fito masa a idon sawu. Ƙafar tana ta matsowa. Ta rufe ido.

Da ta buɗe, ga shi a gefenta. Kafaɗarsa daidai da tata, shi ma yana kallon tsamiya.

Wani daga layin Ɗahiru ya ce, "Andrawus, koma baya mana, ka riƙe mata zani kada ya kwance." Aka fashe da dariya. Wani ya ce a kawo masa tulu da gammo.

"Baba Andrawus," in ji Malam Khamis, "nan wurin ɗan takara ne. In ita kake so, taku ɗaya baya."

Roda ta yi masa magana da yarensu, ƙasa-ƙasa, leɓenta kawai ke motsi. "Taku ɗaya, Baban Tizhe."

"Ga ni kusa da ke."

"Ba a ƙirga na kusa."

Ta ga ya ɗaga diddigen ƙafarsa mai lafiya. Mutumin nan ya taɓa goya ta daga gona har gida ranar da kunama ta harbe ta, bai taɓa ɗaga mata hannu ba, bai taɓa hana ta fita aikinta ba. Diddigen ya daɗe a sama. Sannan ya sauka inda yake.

Mazan inuwa suka fara motsi. Wasu suka bi ta bayan katanga suka tafi gida. Sauran suka tsallaka ɗaya-ɗaya zuwa layin Ɗahiru. Babakura ya shiga can ƙarshe, kansa a ƙasa.

Malam Khamis ya bi layin yana taɓa kafaɗa yana ƙirga. Ya gama, ya dawo wurin Roda, ya leƙa bayanta kamar akwai abin dubawa, ya rubuta. "Kina iya juyawa, Mama."

Ta juya. Babu kowa. Sawun mata ne kawai a ƙasa, a jere, tun daga dugaduganta har bakin hanya, da katuna biyu ko uku da aka yar. Matan suna can gefe da goyonsu.

Ɗahiru ya zo, ya cire hannu daga aljihu. Ba ya murmushi yanzu. "Ba haushi ko, Maman Tizhe? Ta gidana ta kusa, watan gobe ne."

"A aiko," in ji Roda.

Hanyar gidansu 'yar siririya ce tsakanin dangogi. Andrawus ya shiga gaba kamar kullum, ita tana baya. Da suka zo inda babu kowa, ya tsaya, ya raɓe jikin danga, ya ba ta hanya.

"Wuce," in ji shi.

"Tafi kawai, Baban Tizhe. An gama ƙirga."

Ya daɗe a raɓe. Ita ma ba ta motsa ba. Daga baya ya ja ƙafarsa ya ci gaba.

A kara aka haƙa rijiyar. Tana da ruwa mai kyau, shanu suna sha. Matar Ɗahiru ta haihu a hannun Roda, da ruwan mayo aka wanke yaron, kuma ya rayu. Na maƙwabciyarsu da aka haifa mako guda bayansa bai rayu ba. Yakaka ta hura wuta da katinta, ta yi wata biyu ba ta yi wa Babakura magana ba sai ta bakin 'ya'ya. Roda ba ta sake zuwa wani taro ba. Ba ta kuma taɓa tayar wa Andrawus da maganar ba, ta ci gaba da dafa masa tuwo, tana ɗinke masa riga. Shi ne ma wani lokaci zai fara, ya ce, "Ranar nan," sai ta tashi ta shiga ɗaki.

Soja suka zo, aka daina zaɓen gaba ɗaya, na maza ma. Aka yi yaƙi aka gama. Roda tana nan da gwangwaninta, tana shiga gidaje tana tambaya ko akwai ruwa.

Cikin bazarar saba'in da biyar ta kwanta, kwana tara, Allah ya karɓi abarsa. Da aka buɗe gwangwanin don a ba matar Tizhe reza da zare, aka ga katin a ƙasa, an naɗe shi cikin tsumma, rubutun ya kusa gogewa.

Ranar da za a kai ta, Lokuwa ba ta taɓa ganin taron maza irin wannan ba. Andrawus ne dab da akwatin gawar, yana jan ƙafa. Bayansa Tizhe, bayan Tizhe Ɗahiru da Babakura da Malam Khamis da ya yi furfura, da samarin da ta yanke wa cibiya, Musulmi da Kirista, layi har bayan gidan maƙera. Yakaka ta tsaya a ƙofar gida tana kallon su, leɓenta yana motsi, tana ƙirgawa. Ta kai ɗari biyu da wani abu ta bari.

Ta koma ciki. Ruwan da ta kwaso da asuba aka wanke Roda da shi ya ƙare, ga gida cike da masu zaman makoki. Ta ɗauki tulu da ƙoƙo, ta nufi mayo.